Agogon da ya fi kowane daidai a ofis ɗinmu, ashe ya makara da sakan ɗaya cur

Na daɗe ina so in rubuta wannan abin, don duk wanda ya zo yana tambayata yadda ake haɗa GPS da kwamfuta a saita lokaci sai in ga ya kama hanyar da na bi tiryan-tiryan har bakin ramin da na faɗa. Ba sai na faɗi sunan wurin ba, ƙaramin kamfani ne mai sabobi 'yan ƙalilan, ni ke kula da su tare da wani da ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba, Oga muke ce masa.

Muna da sabar biyu masu riƙe rumbun bayanai, bari in ce musu A da B. Kowacce tana karɓar rubutu, sai su kwafa wa juna, in kuma aka samu rubutu biyu a kan abu ɗaya to wanda hatimin lokacinsa ya fi zama na baya-baya shi ke tsayawa, ɗayan a watsar. Manhajarmu kuma in aiki ya shigo tana fara rubuta "ana jira", bayan kamar milisakan 300 (milisakan 1000 ne sakan ɗaya) ta dawo ta rubuta "an kammala", kuma ba dole ba ne rubutun biyu su faɗa sabar ɗaya, wani lokaci na farko ya je B na biyu ya je A. To sai aka fara kawo ƙorafi cewa wasu ayyuka sun maƙale a "ana jira" alhali an gama su tuntuni. Abin da ya ba mu mamaki shi ne da safe lafiya lau, sai rana ta yi nisa ƙorafin ke farawa, can da yamma kuma ya yi yawa, washegari da safe a wayi gari kamar ba a yi ba.

Kwana biyu muna zargin masu rubuta manhaja su ma suna zarginmu, kafin na gano B ba ta da wani abu mai bin lokaci ko da yaushe, wani ne can baya ya sa mata umarnin ntpdate ya riƙa tashi sau ɗaya da tsakar dare ya daidaita agogo, shi ke nan, sauran awa 24 ɗin agogon na tafiya yadda ya ga dama. Shi kuwa agogon kwamfuta ba wani abin kirki ba ne, ɗan ƙaramin kiristal ne ke kaɗawa ana ƙirga kaɗawar, kuma babu biyu da suke kaɗawa daidai. In kiristal ya kauce da kashi 10 cikin miliyan kacal, a yini ɗaya ya tara sakan 0.864. Na B yana gudu da wajen rabin sakan a yini, ka ga kenan bayan awa 14 da wani abu ya riga ya wuce A da fiye da milisakan 300 ɗin nan, daga nan duk "ana jira" da ta sauka a B sai ta zama kamar ita ce sabuwa, ta danne "an kammala" da ta sauka a A. Tsakar dare ta yi ntpdate ya goge shaida.

Gaskiya a nan ya kamata labarin ya ƙare. Sai kawai a sa wa B chrony, wato manhajar da ke daidaita agogo ko da yaushe, a sa duka injinan su bi sabar ɗaya ta cikin gida, an gama, don abin da rumbun yake buƙata shi ne A da B su yarda da juna, ko da dukansu sun kauce wa lokacin duniya da 'yan milisakan ba ruwansa. Na san haka tun a lokacin. Amma dama na daɗe ina neman dalilin da zan haɗa sabar lokaci ta kaina, kuma ina da hujjar da za a saurara: layin intanet ɗinmu ba shi da tabbas, in ana loda manyan fayiloli tafiya da dawowar saƙo ba sa zama daidai. NTP, wato tsarin da kwamfutoci ke tambayar juna lokaci da shi, wanda marigayi David Mills ya tsara tun shekarun 1980, yana aiki ne da zaton cewa lokacin da tambaya ta ɗauka kafin ta isa shi ne lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo. In tafiya ta ci milisakan 80 dawowa ta ci 20, to rabin bambancin, wato 30, ya shige cikin agogonka a matsayin kuskure kuma babu yadda za a yi NTP ya gane daga inda yake tsaye. Da wannan na je wa Oga, ya ce "to je ka yi, amma kar ka taɓa min rumbu sai na gani", ni kuma kamar yadda za ku ji ban jira ya gani ba.

Kayan ba su da yawa: Raspberry Pi 4 ('yar ƙaramar kwamfuta ce), 'yar na'urar GPS ta u-blox wadda ke da ƙafar PPS, da eriya mai doguwar waya da na kai saman rufi inda take ganin sama sosai. Bari in ɗan tsaya a kan abin da na'urar ke fitarwa, don duk rikicin a nan yake.

Taurarin GPS suna can sama wajen kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogon atam, abin da suke watsowa kuma a taƙaice shi ne "ni wane ne, ga inda nake, ga lokacin da na aiko wannan". Na'urar da ke ƙasa tana buƙatar huɗu aƙalla, uku saboda wuri, na huɗun saboda ta warware kuskuren nata agogon mai arha. Kuma dole lissafin lokacin ya yi tsauri, tunda haske na cin wajen santimita 30 a nanosakan ɗaya (ɗaya cikin biliyan na sakan), kuskuren maikrosakan ɗaya (ɗaya cikin miliyan na sakan) mita 300 ne a taswira. Ma'ana duk na'urar da ta iya nuna maka titin da kake, to ta riga ta san lokaci fiye da yadda kwamfutarka za ta taɓa buƙata, saura kawai yadda za a fito da shi daga cikinta a ba kwamfuta ba tare da ya lalace a hanya ba.

Ƙofa biyu take fito da shi. Ta farko ita ce PPS, waya ɗaya tak wadda wuta ke tashi a cikinta sau ɗaya a kowane sakan, kuma daidai tashin wutar nan shi ne farkon sakan, da kuskuren da bai wuce 'yan gomman nanosakan ba in na'urar na ganin sama da kyau. Ta biyu ita ce rubutun NMEA da ke fitowa ta layin siriyal, jimloli ne irin su RMC da GGA da GSV, a cikinsu ake samun kwanan wata da awa da minti da sakan. Ni yadda nake kwatanta su, PPS bebe ne mai tafi, tafinsa ba ya kuskure amma ba zai taɓa gaya maka tafin ƙarfe nawa ba ne, NMEA kuma mai baki ne amma ga nawa, sai an tafa an gama sannan ya buɗe baki ya ce "wancan tafin da kuka ji na 10:15:07 ne". Kowanne shi kaɗai bai isa ba. Aikin kwamfuta shi ne ta ɗaura kowace magana a kan tafin da ya dace da ita.

Haɗin bai ba ni wahala ba sam, shi ya ma ƙara min girman kai. Wayar PPS na kai ta ƙafar GPIO 18 da ke jikin Pi ɗin, na kunna pps-gpio a fayil ɗin saitin Pi, na sake kunna shi sai ga /dev/pps0 ya bayyana, na gwada da ppstest layi yana fitowa duk sakan kamar bugun zuciya. Dalilin da ya sa ake bi ta GPIO, ko ta ƙafar DCD a kwamfutocin da ke da tsohuwar tashar siriyal, shi ne da zarar wutar ta tashi kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ke katse abin da yake yi ya buga hatimi nan take, jinkirin 'yan maikrosakan ne. In ka bi da bugun ta USB kuwa sai ya jira zagayen tambayar USB ɗin, ka tashi daga maikrosakan ka koma wajen milisakan. Sai gpsd, manhajar da ke sauraren na'urar GPS, ya karanta NMEA ya miƙa wa chrony, a chrony kuma na rubuta layi biyu, ɗaya na NMEA da noselect don kar a bi shi kai tsaye, ɗaya na PPS da lock a kan NMEA ɗin don ya riƙa samun sunan sakan daga wurinsa, sannan na ƙara masa kalma biyu, prefer da trust. Waɗannan na kwafo su ne kawai daga wani misali, ban tsaya na karanta me trust ke nufi ba, na ga dai ta yi kama da abin da nake ji a raina game da sabon abin wasana.

Bayan 'yan mintoci chronyc tracking, umarnin da ke nuna halin da chrony ke ciki, ya fara nuna min tazarar 'yan ɗaruruwan nanosakan. Kai! Na ɗauki hoton allon na tura wa abokai. Na bar sabobin lokaci na intanet guda uku a cikin saitin, da na duba chronyc sources sai na ga dukansu uku da alamar x a gefensu, alamar da chrony ke sa wa wanda ya ɗauka maƙaryaci ne, kowanne yana nuna tazarar wajen milisakan 1000. Wallahi na gani da idona, kuma abin da na faɗa a raina shi ne "ai dama na faɗa, layin nan namu ba shi da gaskiya". Ban tsaya na tambayi kaina ba, ta yaya sabobi uku da ba su san juna ba, a wurare daban-daban, za su haɗa baki a kan ƙarya iri ɗaya, kuma ƙaryar ta zo sakan ɗaya cif ba ƙari ba ragi, alhali cunkoson layi kuskurensa hawa da sauka yake yi. Ruwa ba ya tsami banza, amma wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya ɗanɗanawa.

Ranar Alhamis da yamma na sa wa B chrony tana bin intanet, wannan kam daidai ne, ita kuma A na juya ta ta bi Pi ɗin, wai a dabarata in fara da guda ɗaya in ga yadda za ta yi kafin in kwashe sauran. Da na juya su duka biyun lokaci ɗaya ma da babu abin da zai fashe a rumbun, da sun makara tare sun yarda da juna, sai dai wata rana a gano a wani wurin. Taka-tsantsan ɗin nawa shi ya raba su. A ta ja agogonta baya da sakan guda ta zauna daram, B tana kan daidai.

Juma'a tun da safe ƙorafi ya fara, wanda da sai yamma. Lissafin ma a fili yake: duk aikin da "ana jira" ta je B sannan "an kammala" ta je A bayan milisakan 300, hatimin na biyun zai nuna kamar ya riga na farkon da milisakan 700, sai a watsar da shi. Tunda rabon rubutu tsakanin sabobin biyu kusan canki-canki ne, wajen ɗaya cikin huɗu na duk ayyukan kenan, kuma ba sai rana ta yi ba, dare da rana. Garin gyaran gira na tsone ido. Abin haushin kuma ni ne na fi kowa rantsuwa cewa ba agogo ba ne wannan karon, har ina nuna wa mutane hoton nanosakan ɗina, na mayar da masu manhaja suka kwana suna tonon abin da ba su binne ba.

Litinin Oga ya zo ya ja kujera ya zauna kusa da ni, bai ce komai a kan rumbu ba, ya ce "buɗe min taga biyu, ɗaya A ɗaya B, ka sa kowacce ta riƙa nuna agogo da sakan". Na ce Oga ai na A daga tauraron ɗan'adam yake zuwa kai tsaye. Ya ce "na ji, buɗe dai". Na buɗe. Ya ajiye wayarsa a gaban allon ita ma da agogo mai sakan. B da wayar suna juyawa tare, A na biye da su a baya da taki ɗaya, 41 suna 42, 42 suna 43, juyawar tana zuwa lokaci ɗaya cif amma lambar ba ɗaya ba. Ba na'urar awo, ba komai, ido kawai. Ya dube ni ya ce "agogonka na da kyau, sai dai na ɗazu yake faɗa", ya tashi ya tafi abinsa, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da na zauna na bi abin a hankali ga yadda ya kasance. Layin siriyal ɗin yana kan gudun bit 9600 a sakan, kowane harafi na cin bit 10, wato haruffa 960 a sakan iyakarsa kenan. Jimlar NMEA ɗaya tana iya kaiwa haruffa 82. Na'urar tawa kuma ba GPS kaɗai take saurare ba har da GLONASS na Rasha, ga eriya a saman rufi tana ganin taurari rututu, jimlar GSV kuma taurari huɗu kawai take ɗauka a layi ɗaya, don haka yawan taurari yawan layuka. Duk sakan sai na'urar ta zazzago rubutun da ya kusa cika bututun gaba ɗaya, kafin lokacin ya isa hannun chrony an ci wajen milisakan 900. Shi kuma chrony in ya samu bugu, agogon da aka ɗaure shi da shi yake dubawa ya ga wane cikakken sakan ne ya fi kusa. Maganar "10:15:07" ta iso saura milisakan 100 a yi tafin 10:15:08, tafin da take nufi kuma ya wuce da 900, to wanne ya fi kusa? Sai ya ɗaura ta a kan tafin gaba. Haka kowane bugu ya samu sunan wanda ya gabace shi. Abin dariya, lokacin da nake gwaji a kan tebur kusa da taga taurari kaɗan take gani, rubutun gajere ne, da alama a lokacin daidai take ɗaurawa, kai eriya wuri mai kyau shi ya tura jinkirin ya haye rabin sakan.

Akwai offset da ake rubutawa a layin NMEA don a gaya wa chrony "wannan mutumin yana makara da kaza, ka cire masa", ni na bar shi a sifili. Sai kuma trust. Ma'anarta a chrony ita ce a ɗauki wannan majiyar a matsayin mai gaskiya ko da yaushe, ba mai iya ƙaryata ta sai wata majiyar da ita ma aka ba ta trust. Wato da hannuna na ɗaure bakin shaidu ukun da suka ga abin tun minti na farko. Ba don ita ba da rinjaye ya yi aiki, uku sun fi ɗaya, da PPS ɗin ne zai sha x, da na tsaya na bincika tun kafin in kusanci A.

Su kuma nanosakan ɗin da nake taƙama da su ba ƙarya ba ne, fahimtata ce ta kauce. Lambar tana faɗin yadda agogon Pi ke manne da bugun da aka ce ya bi ne, ba ta san komai a kan ko sunan da aka ba bugun daidai ne ba. Duk wani kuskure da yake tsaye wuri ɗaya ba ya motsi, chrony ba ya ganinsa daga ciki. Haka abin yake in ka kama saukar wutar maimakon tashinta, na'urorin u-blox bugunsu na ɗaukar milisakan 100 kafin ya sauka in ba ka canza ba, sai ka zauna da kuskuren milisakan 100 cif kuma allo na nuna maka komai lafiya. Har tsawon wayar eriya ma haka ne, wajen nanosakan 5 a kowace mita, mu dai wannan bai dame mu ba, masu dakunan gwaje-gwaje ne ke cire shi.

Kuma ba ni kaɗai irin wannan ta taɓa ci ba, wannan ya ɗan sanyaya min rai ko da yake bai rage min aiki ba. GPS yana ƙirga makonni ne da lambar da ke cika a 1024 ta koma sifili, an fara ƙirgar ranar 6 ga Janairu 1980, ta juya a Agusta 1999, ta sake juyawa a Afrilu 2019. To a gpsd an samu wani kuskure a wasu fitowarsa wanda ya sa ranar 24 ga Oktoba 2021 injinan da ba a sabunta ba za su koma baya da mako 1024, su tsinci kansu a Maris 2002, an gyara shi a fitowa ta 3.23. Ka lura bugun PPS bai yi laifin komai ba a nan, yana nan yana tafinsa daidai, mai faɗin sunan ne ya yi ɓatan kai na kusan shekara 20. Su kansu taurarin sun taɓa yi, a Janairu 2016 lokacin da rundunar sojin saman Amurka ta sallami wani tsohon tauraro daga aiki, an loda wa wasu taurarin bayanin UTC, wato lokacin duniya, mai kuskuren wajen maikrosakan 13 na tsawon sa'o'i, masu taswira ba su ji komai ba amma na'urorin sadarwa masu dogaro da lokaci sun yi ta ƙara. Mu 13 ɗin nan ko a jikinmu, amma dai ya nuna abin da ke saukowa daga sama ma yana son mai duba shi.

Gyaran kansa bai ɗauki awa biyu ba. Na kashe duk jimlolin da ba na buƙata, GSV da GSA da sauransu, na bar RMC da ZDA masu ɗauke da lokaci, na ɗaga gudun layin zuwa 115200, jinkirin ya faɗo ƙasa sosai kuma ya daina rawa da yawan taurari. Sannan na bar Pi ɗin ya bi sabobin intanet na wasu sa'o'i ina kallon NMEA a gefe ta sourcestats har na ga inda jinkirinsa ya tsaya, na rubuta wannan a offset. Na goge trust, prefer kawai na bari. Sabobin intanet suna nan, na ƙara na huɗu ma, ba don su ba ni maikrosakan ba, ba za su iya ba a kan layin nan, aikinsu kawai su ce "e, wannan sakan ɗin ne", kuma ko layi ya cushe ya kai kuskuren milisakan 50 wannan aikin ba ya gagararsu. Na kuma kula ban cakuɗa da sabobin Google ba, don su in za a ƙara sakan na tsalle, wato sakan ɗin da akan ƙara wa lokacin duniya jefi-jefi, shafa shi suke yi a hankali cikin awa 24, a ranar za su saɓa da sauran da gangan.

Maganar sakan na tsalle ta sake cizona bayan sati biyu, ta wata ƙofar. Lokacin GPS ba ya ƙara waɗannan sakan ɗin, UTC ke ƙarawa, shi ya sa tun farkon 2017 GPS ke gaban UTC da sakan 18. Taurarin suna watso wannan lambar amma a cikin dogon saƙon da ke ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya zagayo. Aka ɗauke wuta a ɗakin don wani gyara, na'urar tawa ba ta da ɗan batirin da ke riƙe mata ƙwaƙwalwa, da ta tashi sai ta fara da lambar da aka ƙera ta da ita, tsohuwa, tunda kafin 2017 aka yi manhajar cikinta. Na 'yan mintoci tana faɗin lokacin da ya wuce gaba da sakan cur, bugu kuma daidai. Wannan karon shaidu na da baki, chrony ya manna wa PPS ɗin x ya ci gaba da bin intanet har na'urar ta ji saƙon ta gyara kanta, A da B ko motsi ba su yi ba. Washegari na sa mata batirin.

Yanzu in eriya ta samu matsala ko bugu ya ɗauke, Pi ɗin kiristal ɗinsa na arha zai koma dogaro da shi, kuma shi zafi da sanyi ke juya shi, a jadawalin da nake ajiyewa ina iya nuna maka daidai lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ta tashi da lokacin da ta tsaya. Na sa shi cikin ɗan akwati nesa da iskar, ya ragu. Masu buƙatar ya riƙe lokaci na sa'o'i ba tauraro sukan sayi agogon da ke cikin ɗan murhunsa mai zafi ɗaya ko na rubidiyam, mu ba mu kai nan ba. Su ma A da B ba nanosakan suke samu ba, kafin lokacin ya ratsa waya da suwic ya iso su ta NTP an koma 'yan gomman maikrosakan, wanda ya fi abin da muke buƙata sau dubbai. Wanda ke son ƙasa da haka sai ya koma PTP, wani tsarin raba lokaci da ya fi NTP tsauri, da katin sadarwa mai buga hatimi da kansa.

Abin da ya fi cin rai shi ne shara. Kwana huɗu rumbun yana watsar da rubutu, sai da muka bi log ɗin manhaja, wato kundin da take rubuta abin da ta yi, ɗaya bayan ɗaya muna dawo da "an kammala" inda ta ɓace, kuma da yake hatiman A na kwanakin duk sun makara, sai da na rubuta ɗan shiri mai ƙara musu sakan ɗaya kafin a jera su da na B, daga daidai mintin da na juya ta ranar Alhamis zuwa mintin da na mayar da ita ranar Litinin. Ya ci mana fiye da sati, ni da mutum biyu daga masu manhajar da na sa suka kwana a banza, ban da bakin magana ko sun yi min tsiya. Su ma daga baya sun canza tsarinsu, matsayin aiki yanzu lamba yake bi mai hawa, ba a barin agogo ya yanke wanne ne sabo.

Na sa ƙararrawa guda biyu. Ɗaya tana kwatanta A da B kai tsaye duk minti, in suka saɓa da fiye da milisakan 20 ta turo saƙo. Ɗayar tana kwatanta Pi ɗin da sabobin waje, in tazarar ta wuce milisakan 200 ta turo, ko da wane ne mai laifin. Na nemi a ƙara na'ura ta biyu ta wani kamfanin daban mai sauraren Galileo na Turai, da tata eriyar a ɗaya gefen rufin, Oga ya ce in rubuto a takarda zai duba, takardar tana kan teburinsa wata na uku kenan.